Satar Amsar da Na Koya wa Kakata

Ni na koya wa kakata satar amsa, tsohuwar da ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Gara in amsa laifina da bakina, don a gidanmu na Runjin Sambo an ba da labarin sau dubu, kowa da gishirin da yake ƙarawa.

Kaka ce ta haifi babana. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, irin wasan kaka da jika, kuma a faɗarta duk Sakkwato babu matar da ta yi rashin sa'ar miji kamarta. Da na dawo makaranta za ta dubi hannuna ta ce, "Ragon maza, mi kak kawo min?" In ce mata na sake ta saki uku, sannan in zauna in shanye mata fura.

Mantuwa ta fara kama ta a hankali. Ta yi La'asar ta sake yi, har na ce ladan unguwar nan duk ita za ta kwashe. Daga baya ta fara neman hanyar ɗakinta a tsakar gidan da ta yi rabin rayuwarta tana sharewa. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne. Likitar da muka gani ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma suna wani bincike don su ga ko ƙwayoyin bitamin za su rage masa gudu. Ba ta yi alkawarin warkewa ba. Ta ce wasu tsofaffin za su sami ƙwayar gaske, wasu kuma mai kama da ita wadda ba komai a ciki, ita kanta ba ta san ta wa ce ta gaske ba sai an gama. Baba ya sa hannu, Kaka ta dangwala yatsa.

Ranar farko na lashi ƙwaya ɗaya don in warware musu matsalar. Ɗanɗanon alli na ji, ban ƙaru da komai ba.

Ni nake raka ta asibiti a keke mai ƙafa uku. Likita takan tambaye ta ranar, da sunan garin, sannan ta faɗi abu uku, rago, tabarma, lemu, ta ce ta riƙe. Bayan 'yar hira sai ta nemi ta maimaita. Zuwa na farko Kaka ta kawo biyu. Na gaba rago kaɗai ya rage. Ni kuwa abin da na sani shi ne wanda ya faɗi jarrabawa korarsa ake yi. In an kore ta babu ƙwaya, in babu ƙwaya wata rana za ta dube ni ta rasa ko ni wane ne.

Sai na buɗe mata makaranta. Safe da yamma, rago, tabarma, lemu. A hanyar asibiti muka yi ta rerawa har mai keken ya haddace, ya ce shi ma a kai shi a gwada.

Muna shiga likita ta ce, "Inna, ina kwana?"

Kaka ta gyara mayafi ta ce, "Rago, tabarma, lemu."

Likita ta ajiye biro ta dube ni. Na dubi fanka. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba a korar kowa don ya manta, mantuwar ita suke aunawa, kuma in na rufe ta na rufe musu ido ga abin da zai iya taimakon kakar wani. Ta rubuta abin da na yi a takarda, ta canza kalmomin. Kaka ba ta kawo ko ɗaya ba. Amma da muka fito ta ja kunnena ta ce miji ya kunyata ta gaban mutane, ni kuwa na yi ta dariya har gida.

Ban san cewa jan kunnen ya kusa ƙarewa ba. Yanzu da gangan nake shigowa hannu biyu wayam, in tsaya a gabanta in kaɗa su. Ina ɗaukar furarta a kan idonta, ina sha a hankali, ina jiran zagi. Sai ta matsa mini a tabarma cikin ladabi, ta ce baƙo ya sha, akwai saura. Wani lokaci ta tambaye ni, "Yaro, kai ɗan wa na?"

Ta shanye ƙwayoyinta har kwalbar ƙarshe. Da aka gama, likita ta kira Baba ta gaya masa cewa ta gasken Kaka take sha tun farko. Ko ta rage wa ciwon gudu, ta ce ba a gane wannan daga mutum ɗaya. Kaka tana nan da ranta, tana cin abinci, tana salla in an tuna mata. Rabon da ta kira ni mijinta tun kafin azumin bara.