Inci Shida a Ƙugun Baba

Babanmu tela ne, shekara talatin da 'yan kai yana kan keke ɗaya, a ɗan shagon da ke manne da gidanmu. Bai yarda da komai ba sai abin da tef ɗinsa ya gaya masa. Ko gaisuwa ka shigo yi, kafin ka zauna ya auna kafaɗarka da ido. Shi kansa ba baya ba ne wajen jiki, tumbinsa kan riga shi isa gaban keken.

Ranar da likita ya ce Mama na da ciwon suga, hankalin kowa a gidanmu ya tashi. Mun san ciwon nan. Shi ya ci ƙafar Kawu, yayan Mama, daga ɗan yatsa har gwiwa, kuma Baba ne ke naɗe masa ƙafar wando ɗaya yana ɗinkewa. Likita ya ce in ta rage ƙiba, ta riƙa tattaki, ta sha magani, za a shawo kansa. Mama ta dawo ta zauna a bakin gado tana shafa yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Baba ya ce, "Ba za ta ci ganye muna lasar mai a gabanta ba. Kowa zai rage."

Aka kori suga da lemon kwalba, aka raba shinkafa biyu, da sassafe mu huɗu mu fita zagaya unguwa. Sikeli kuwa Baba ya ce na mahauta ne. Duk Asabar mu yi layi a shago, ya zagaya ƙugun kowa da tef, ya rubuta da allin ɗinki a bayan ƙofa. Yaya, wato wana, shi ya fi shan tsiya.

"Kai kuma ina ka tsinto rabin incin nan? A hanyar ofis aka ba ka?"

Akwai 'yar na'urar gwajin suga a gidan, amma mun ɗauke ta kayan Mama, kamar madubinta. Mai ciwo ke gwaji, mu 'yan rakiya tef ya ishe mu.

Bayan wata uku Mama ta rage inci biyu, sugarta na sauka a hankali. Ni inci ɗaya, Yaya ko ɗigo. Baba inci shida! Sau biyu yana tsuke wandonsa, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya nuna masa rubutun bayan ƙofar. Abin haushin, ba ya ma kiyaye dokar da ya kafa. Na taɓa kama shi da kwalbar lemo a cikin buhun ƙyalle, ya ce ƙishirwa ce ta dame shi. Na rufa masa asiri, don rubutun allin na goyon bayansa. Ga jarkar ruwa a gefen keke, bini-bini ya tashi zuwa bayan gida, mu kuwa muna ta yi masa dariya.

Wata safiya na kai masa shayi, na tarar da shi sunkuye yana neman saka zare a allurar keke. Baban da a da ke saka zare yana hira da mutane. Ya lashi bakin zaren, ya kai, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure.

"Auta, kunna min fitila."

Rana ce tar a shagon.

Ya ga ban motsa ba, sai ya rage murya. "Zo ki saka min. Kada mamanki ta ji."

Na saka, na wuce kai tsaye na gaya wa Mama. Ta ɗauko na'urar ta biyo ni. Ta tsaya ta daɗe tana kallon rubutun bayan ƙofar.

"Haka kawunku ya fara," in ji ta. "Ya rame, muna ta yi masa barka."

Baba ya ɓoye hannuwansa a baya kamar wanda za a yi wa bulala. Allura ta soke shi ya fi sau dubu a rayuwarsa, amma wannan ƙaramar ya ji tsoronta.

"Ni da na fi kowa ragewa?"

"Malam, ba ni yatsan."

Ya miƙa. Lambar ta fito, ta kusa ninka mafi munin wadda Mama ta taɓa samu. Ya kai fuskarsa kusa, ya ja baya, ya ƙanƙance ido.

"Nawa ta ce?"



A asibiti suka ce ciwon ya daɗe a jikinsa, shi ke cinye shi, ba tattaki ba. Idon kuma suka ce zai iya washewa in sugar ta sauka, amma ba su yi alkawari ba. Har yau ina jin haushin kaina kan kwalbar nan da na yi shiru a kanta.

Yanzu duk Asabar yatsu huɗu ake sokewa kafin a ɗauko tef. Kullum kafin in fita aiki nakan biya shago in saka masa zare, amma sai ya fara gwadawa da kansa sau ɗaya. Jiya sau uku ya gwada. Ina tsaye a bayansa har ya miƙo min zaren ba tare da ya juyo ba.