Rumbun da Na Rubuta Cike

A duk shekaru ukun da na yi a Dakar ina karatun aikin kula da jama'a, sau ɗaya tak na sami maki sha takwas bisa ashirin. A kan rahoton da na rubuta game da ƙauyenmu ne, kuma rahoton nan shi ya hana uwata buhun dawa a shekarar da ba ta da ko tiya ɗaya a gida. Takardar tana nan a ƙasan akwatina har yau. Na kasa yaga ta, na kuma kasa karanta ta.

Ni ƴar Damargu ce, daga wani ƙaramin ƙauye a kan hanyar Tanut zuwa Belbeji. Ba son boko ne ya kai ni lakwal, wato makaranta, ba. An ce kowane gari ya ba da yara, masu hali suka ɓoye nasu, ubana ba shi da mai tsaya masa, aka ɗauke ni ina kurma ihu. Sai ga shi kan ya ɗauka. Daga Tanut sai Damagaram, daga can sai Yamai, inda labarin rasuwar ubana ya same ni. Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai aka zaɓe ni cikin waɗanda za a tura waje su koyi wannan sabon aiki na duba marasa ƙarfi. Da aka gaya wa mutanen garinmu, sai da suka yi dariya. Wai har sai an haye jirgi kafin a koyi yadda ake taimakon maƙwabci.

Ni ce ƴar fari a wurin Inna, kuma ta riƙe kunyar nan yadda aka riƙe ta a da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban idona. In tana son in ci abinci sai ta fuskanci danga ta ce, "Akwai tuwo a akushi, in da mai ci." Ina ƙarama ban ga laifin abin ba, duk ƴan fari haka muke. Sai da na karanta littattafai a kan uwa da ɗanta na fara jin haushi, na fara ganin kamar an tauye mini wani haƙƙi. Boko ya ba ni suna ga abin da a da bai dame ni ba.

Malamar da ta fi kowa kama zuciyata wata Baturiya ce doguwa, Madam muke ce mata. Mace mai kirki, ba zan ɗora mata laifina ba. Kullum tana nanata mana cewa in ka je gidan mutum ka dube shi cikin ido, ka tambaye shi kai tsaye, ka rubuta abin da ka gani da abin da aka faɗa maka, ban da abin da zuciyarka ta raya maka. Takan ƙara da cewa ma'aikaciya in ta ɗauki takarda ba ta da dangi. Wannan ta ƙarshen na haddace ta kamar karatun allo, don ta yi daidai da girman kan da nake ji da shi lokacin.

A shekara ta biyu aka ce kowa ya koma ƙasarsu wata biyu ya gwada aikin a fili, ya dawo da rahoto. Aka tura ni Tanut da rani. Daminar da ta wuce ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye kafin ya yi ido. Gwamnati ta kawo dawa ta agaji, ba ta da yawa, ana neman sanin gidajen da za a fara ba. Aka ba ni ƙauyuka biyar, har da namu, da takarda mai tambayoyi: mutum nawa a gida, dabba nawa, rumbu nawa, a buɗe yake ko a ɗaure. Dokar mai sauƙi ce. Gidan da rumbunsa ke ɗaure har yanzu, yana da abin da zai kai shi shuka, sai ya jira.

Dokar ba ta wauta ba ce. A wajenmu in an gama girbi, mai gida yakan zuba dammunan gero a rumbu, ya kife jinka ya ɗaure da igiya, ba a taɓawa sai ruwa ya sauka an fara aikin gona. Da rani ana lallaɓawa da abin da mata suka samu a gayaunarsu. Saboda haka rumbu a ɗaure alama ce ta gida mai rufin asiri. Na san wannan sarai. Abin da na manta shi ne abin da mutum zai iya yi don kar a ga asirinsa a buɗe.

Na shiga garinmu da farar riga da takalmi mai rufi da takardu a hammata. Wakilin maigari yana gabana, mata suna leƙe ta saman danga. Gidanmu ne na goma sha huɗu. Da gangan ban fara da shi ba, ban kuma bar shi ƙarshe ba, don kar a ce. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida kamar baƙuwa, ni ma na zauna kamar baƙuwar. Inna ta zauna nesa kaɗan, ta ba ni gefen fuska. Na ga ta rame, na ce a raina tsufa ne. Gwaggo, ƙanwar ubana da ke zaune danga ɗaya da mu, ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa.

Na dubi Inna cikin ido yadda aka koya mini. Ta sunkuyar da kai.

"Mutum nawa ke ci a gidan nan?"

Ta dubi wakilin maigari ta ce, "A gaya wa baƙuwa ni kaɗai ce. Samarin sun tafi Kano cin rani."

"Rumbu nawa?"

"Ga shi nan ana gani."

Na waiwaya. Rumbun zana ne a kan ƙafafun itace, wanda ubana ya yi da hannunsa. Jinka a kife, igiya a ɗaure tam, an kewaye shi da ƙaya, an share gindinsa fes.

"An buɗe shi bana?"

"Ba a buɗe ba."

"Akwai wata buƙata a gidan?"

Na ɗago kai daga takarda. Sannan ta ce, "Sai godiyar Allah."

Na rubuta. Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce, "Ɗiyata, zo ɗakina ki ga wani abu." Na ɗauka roƙo za ta yi a sa ta a gaba, don gidanta ne na goma sha biyar. Na ce, "Gwaggo, ina kan aiki, za a zo kanki." Da ƙarfi na faɗa, don wakili ya ji. Ta dube ni, ta juya ta fita. Da na je gidanta ta amsa tambayoyina a taƙaice, ba ta sake ta da maganar ba, don wakili yana zaune.

Kwana biyu na yi a garin. Inna ta yi mini tuwon gero da miyar kuka, ta fuskanci danga ta ce akwai tuwo in da mai ci. Na ci har na lashe hannu. Ban ga ta ci ba, amma ai ba ta taɓa ci a gabana ba. Ranar da zan tafi da safe na tarar da ƙunshi a kan jakata: tukuɗi ne, gero dakakke da dabino da cuku, irin wanda ake yi wa matafiyi mai daraja. Inna ba ta raka ni ba. A bayan motar da ta kwashe mu zuwa Damagaram na kwance ƙunshin. Na ɗan sam wa wata mata da ke kusa da ni, sauran na cinye shi tas. Yana da daɗi ƙwarai. Wannan ma ban yafe wa kaina ba, cewa har yau ina tuna daɗinsa.

Da na koma makaranta na zauna na tsara rahoto. Na ware wa gida na goma sha huɗu sakin layi guda, ina alfahari. Na ce gidan uwar mai bincike ne, an yi masa tambaya kamar kowane gida, rumbu a ɗaure, kuma gida ne da ke iya ciyar da baƙo har ya yi masa guzuri, saboda haka ba ya cikin na gaggawa. Guzurin da ta yi mini, shi na kafa hujja da shi a kanta.

Madam ta ja jan layi a ƙarƙashin wurin, ta rubuta yabo a gefe, ta karanta wa aji duka. Aka tafa mini. Ban yi kwana goma da wannan murna ba wasiƙa ta zo. Malamin lakwal na garin da ke kusa da mu ne ya rubuta da yawun Gwaggo, ta yi sati uku a hanya. Ruwan farko ya sauka, Inna ta fita shuka, ta faɗi a gona. Zazzaɓi ya kama ta, jikin ba shi da abin da zai tare shi da shi. Kwana huɗu ta yi, ta rasu.

Sai da aka yi hutu na samu zuwa. Damina ta yi nisa, garin ya yi kore shar kamar ba a taɓa yunwa ba. Bayan an gama gaisuwa mutane sun watse, Gwaggo ta kama hannuna, ta kai ni gindin rumbu. Ta janye ƙaya, ta kwance igiya, muka ɗaga jinka mu biyu. Na leƙa. Yanar gizo ce da ƙura, da wata tsohuwar ƙwarya a kife.

Ta ce, "Dami bakwai ta samu bara. A ɗaki ta ajiye su, kafin sanyi ya wuce sun ƙare. Wannan tun kaka ta ɗaure shi haka, don kar a ce gidan yayana ya mutu da mutuwarsa."

Na ce, "Amma ta ce ba a buɗe ba."

"To an buɗe? Ƙarya ta yi miki?" Muryarta ta ɗaga. "Ke da aka haifa a garin nan, ba ki ga babu kaza ko ɗaya a gindinsa ba? Rumbun da ke da hatsi kaji ba sa barin ƙarƙashinsa, yaro ma ya san wannan. Ba ki tambayi matan unguwa yaushe rabon da su ji turminta ba? Kowa ya sani, ɗiyata. Wakilin da ya rako ki ma ya sani. Ba mai faɗa ne, don ba a tona mace a gaban ɗiyarta."

Na tuna yadda na ga gindin rumbun a share, har na yaba tsabtar a raina. Na ce, "Me ya sa ba ta gaya mini ba, ko a ɗaki?"

"Ta gaya miki? Ke ƴar fari? Ta buɗe baki ta ce miki tana jin yunwa? Ni ce bakinta, ni ya kamata in faɗa. Na kira ki, kika ce kina kan aiki. Na yi fushi, na ce bari in bar ki da aikinki kwana ɗaya, ashe da sassafe za ki tafi. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi."

Sai ta gaya mini na tukuɗin. Irin shukarta ne, wanda ta ɓoye cikin tulu da toka. Ta wanke shi ta daka. Dabino da cukun kuwa, tabarmar da take kwana a kai ta ba wata Buzuwa. Abin da ta fita shukawa ranar da ta faɗi, Gwaggo ce ta ɗebar mata daga nata.

Ban yi kuka ba sai da ta faɗi ta ƙarshe. Da dawa ta iso aka fara kiran gidaje, Gwaggo ta ɗaura zane za ta je wurin maigari ta ce an yi kuskure a takarda, a gyara. Inna ta tare ta a bakin ƙofa. Gwaggo ta raba nata buhun da ita, amma gidanta baki tara ne, bai je ko'ina ba. Sau uku tana yunƙurin zuwa, sau uku Inna na hana ta.

"Me ta ce?"

"Ta ce in aka kai magana cewa takardar ba daidai ba ce, za ta iske Turawan can, su ce ba ki iya ba, su kore ki. Ta ce, 'Kar a ɓata wa ɗiyata takarda.'" Gwaggo ta share ido da bakin zane. "Shekara ashirin da uku ina danga ɗaya da ita, ran nan ne na fara jin ta ce ɗiyata."

Na koma na gama karatun, don ban ga hanyar da zan bar shi ba bayan abin da aka biya. Na yi aikin nan fiye da shekara talatin. Ban sake yi wa kowa tambaya a tsakar gida ba. Duk gidan da na shiga, kafin in gaisa da kowa sai idona ya je gindin rumbu, kuma duk tsohuwar da ta ce in zo ɗakinta in ga wani abu, sai in ajiye takarda in bi ta. Na yaye ɗalibai da yawa a kan wannan, suna ce mini gwana. Ba wanda na gaya wa inda na koyo.

Ni ban ji kalmar daga bakinta ba. A bakin Gwaggo na ji ta, a gindin rumbu, jinka tana ƙasa.