Harafin ƙ ya hana saƙon ambaliya fita

Jama'a, harafi ɗaya ya jiƙa mini aiki yau.

Kun san manhajar da na haɗa wa manoman shinkafar Guri, mai tura musu gargaɗi ta waya. Da safe aka ce kogi na tasowa, na tura saƙo. Da azahar kawuna ya kira: "Ɗana, ruwa ya shiga gona, ba wanda ya ga saƙonka."

Na duba. Ashe da bayit, wato ma'aunin girman rubutu a kwamfuta, manhajar take yanka dogon saƙo, ba da harafi ba. Shi kuwa ƙ bayit biyu yake ci. Yankan ya faɗa tsakiyarsa, komai ya tsaya cak!

Na ce, "Kawu, na gyara."

Ya ce, "To, madalla. Shinkafar dai tana ƙarƙashin ruwa."