Ƙaramin Rubutun Gindin Kwalba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sani, malamin kimiyya a sakandare a Safana, Allah Ya jiƙansa. Ban zo in yi kuka ba, albishir na kawo, don da yana raye da ya yi tsalle.

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙi, Sani bai kawo mini littafi ba, kwalbar maganin ƙwarin nan piya-piya ya ajiye gabana. Ya ce, "Yaya, babban sunan nan na ɗan kasuwa ne, gobe zai iya sake shi. Ki dubi ƙaramin na ƙasa. Wannan masana suka raɗa bisa ƙa'ida, ko'ina a duniya shi ne, yana faɗin abin da ke ciki." Ya nuna mini diklobos. Ya ce "di" biyu ke nan, "klo" kuma kulorin. Na ce masa shirme, wake nake ci, ba suna ba. Bai ji haushi ba, ya sa na maimaita har na haddace.

To, bayan girbin nan Hajiya Tani, maƙwabciyata a Zakka, ta sayo wata sabuwar kwalba a Batsari. Mai shago ya ce mata ba piya-piya ba ce, ta zuba a wake, kwana biyu a dafa. Waken kuwa na abincin sunan jikanta ne, unguwa duka za ta ci. Har ta riga ta zuba kafin ta nuna mini kwalbar. Na karɓa, na matse ido. Diklobos! Gubar nan dai, an sauya mata riga.

Ta ce, "Ke Binta, karatun jiya-jiya za ki yi mini?"

Na ce, "Hajiya, zage ni son ranki, amma waken nan ba ya shiga tukunya ina tsaye."

Muka aika aka ɗauko tsohuwar kwalbar piya-piya, na jera su, ta bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna daɓas tana salati. Shinkafa aka ci ranar suna.

Sani bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma yanzu ranar kasuwa mata na tare ni da kwalabe, masu shago na ganina suna ɓata rai. Su ɓata. Mata huɗu na koya wa zuwa yanzu, kuma Hajiya Tani ta fi su zafi.