'Yar Wuƙar Ɗan Koli Da Ta Cinye Mani Takalmi

Ba a kore ni ba, jama'a! Na gama aikin hutu lafiya lau, Oga da bakinsa ya ce in dawo baɗi. Amma fa ƙafa a ƙasa na shiga Yelwa, takalmina sau-ciki yana can tsakiyar kogin Kwara a ƙafar wani tsoho, kuma 'yar wuƙar aljihu ce ta ja mani. Ku 'yan aji uku da kuke ta rawar kai za ku nemi aikin dam, ku matso ku sha labari, don ranar nan ko haƙorana sun zube ba za ta fita kaina ba.

Bari in fara da gyara wata magana. Na ji ana yaɗawa a ɗakin kwana wai ni na zuba kankare a Kainji. Wallahi ko ƙyallin madatsar ban gani ba. Mu 'yan awo ne, wajen Wara aka tura mu. In an toshe ruwa zai taru ya hau tudu, to aikinmu mu riga shi zuwa mu nuna inda zai tsaya. Oganmu safiyo ne, mutumin kudu. Sai ya kafa madubin awo mai ƙafa uku ya leƙa, lebura na can nesa riƙe da doguwar sanda mai lambobi, inda Oga ya ɗaga hannu nan za a kafa turke a shafa masa jan fenti. Duk gidan da ya faɗo ƙasan turke, tashi za a yi a koma sabon matsuguni. Bayan Oga sai helma, wato shugaban leburori, sunansa Ɗantani, mutum mai tumbi da son nama. Ni kuwa tafinta ne, don Hausar Oga ba ta wuce "sannu" da "kawo ruwa" ba.

Ranar farko Oga ya kira ni ya ce, in mai gari bai yarda ba babu kwalekwale, in babu kwalekwale babu aiki. Ya ce ranar da bakina ya ɓata mana da wani mai gari, motar da ta kawo fenti ita za ta maida ni gida. Ga shi Inna ta riga ta zagaye unguwa kaf tana cewa ɗanta na can yana ɗaure Kwara. Ku hango ni na sauko daga motar fenti da akwatina a tsakiyar hutu. Ai gara ruwan ya ci ni.

Helma kuma ya ce ƙa'idar ayarinsa kowa da wuƙarsa, don yanke igiya, fiƙe turke, fiƙe fensirin Oga. Babu aro. Sai na faɗa kasuwar Yelwa.

Iri uku na tarar. Ta kanti, ja, mai 'ya'ya barkatai, ga almakashi, ga mabuɗin kwalba, ga wani murɗaɗɗen ƙarfe da har yau ban san aikinsa ba. Da na ji kuɗinta sai na ajiye ta a hankali na yi mata sallama. Ta biyu ta maƙera ce, baƙa ƙirin, mariƙin ƙaho, mummuna, in za ka buɗe ta sai ka haɗa da haƙori. Maƙerin ya ce jikana ma zai gaje ta. Na ce a raina, ni ɗan kwaleji da wannan? Ta uku a tiren wani ɗan koli na gan ta. Mariƙin gwangwani mai ƙyalli kamar madubi, da zanen kifi a jiki, kuma araha kamar ya tsinto ta. Na sa babban yatsa na ture ta, ta buɗe, ƙyas! Na rufe, na sake, ƙyas!

Ɗan kolin ya ce, "Samari, wagga ba ta kowa ba ce, ta 'yan gaye ce."

Na ce, "Tana yanka?"

Ya ce, "Kai dai ka ji ƙararta."

Na saya. Duk hanya ina cikin mota ina ƙyas, ƙyas, har wata tsohuwa ta ce in ban daina ba za ta jefar da ni da wuƙar.

A tunga ta farko da muka sauka, muna zaune gaban mai gari ana gaisuwa, Oga ya miƙo mani fensir. Na zaro mutuniyar, ƙyas, rana ta haske ta. Mai gari ya yanke maganar da yake yi ya ce, "Kai, wagga aba ta yi kyau." Helma ya mintsine ni a cinya. Kun dai san yadda abin yake, babba ya yaba kayanka a gaban jama'a, ba ka da ta cewa. Na miƙa da hannu biyu na ce, "Ranka shi daɗe, taka ce." A Yelwa in ka faɗi haka sai a ce maka a'a, Allah ya amfana, ka maida abinka aljihu. Shi kuwa bawan Allah ya karɓa ya zura a aljihun taguwa ya ci gaba da magana.

Da la'asar sai ga mutum ya jawo akuya har masaukinmu, wai tukuici daga mai gari.

Helma ya zagaya akuyar, ya taɓa ƙugunta, ya dube ni. "Ɗan makaranta, wuƙar nan taka, ta kai kuɗin akuya?"

Na ce, "Ko ƙafarta ɗaya ba ta kai ba."

Ya ce, "Ɗan kolin nan, ina yake zama?"

Da motar fenti ta dawo daga Yelwa, a ƙarƙashin kujerar direba akwai ƙunshin wuƙaƙe masu zanen kifi. Daga nan fa harka ta buɗe. Kowane gari muka shiga, ana cikin gaisuwa sai in ja fensirin Oga daga kunnensa, ko yana da tsini ko ba shi da shi, in juya inda rana take, ƙyas! In mai gari bai duba ba, Helma ya yi tari. A yaba, in miƙa, la'asar ta yi a ga saƙo. Mun ci kaji, mun ci giwan ruwa mai girman lebura, mun sha zuma, albasa kuwa har muka rasa inda za mu sa ta. Leburori suka fara kirana Sarkin Fawa. Oga bai san wainar da ake toyawa ba, kullum yana tsotsar ƙashi yana cewa bai taɓa ganin mutane masu karamci irin na ƙasar Yauri ba. Abu ɗaya ne ya dame shi, fensirorinsa sun koma kamar guntun taba, yana ta mitar wai na bana ba su da ƙarko.

Ku lura, duk wannan lokaci ban taɓa fiƙe turke ko ɗaya da wuƙar kifi ba. Na gwada sau ɗaya, bakin ya naɗo ya kusa raba ni da yatsana ɗan ali. Ta fensir ce kawai da burga.

Abin da ba mu lissafa ba, kwalekwale ya fi mu sauri, kuma masu garin nan duk surukan juna ne.

Sai ranar da muka haye wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar ruwa, babba, mai gonakin albasa. Sai da kwalekwalensu za mu iya zagaya shi, don namu na haya ya ajiye mu ya juya. Mai garin tsoho ne siriri, yana zaune kan buzu, dattawa sun kewaye shi, mutanen gari sun cika fili kamar ranar kokawa. Na ga babban yatsansa ɗaure da tsumma, amma ban kawo komai ba. Aka yi gaisuwa. Na ja fensir, na nemi rana, ƙyas!

Tsoho yana kallon sama.

Na fara fiƙa. Helma ya yi tari. Na rufe na sake buɗewa, ƙyas! Helma ya yi tari har da buga ƙirji. Wani dattijo ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Ina fiƙa, ina fiƙa, har fensir ya ƙare a hannuna, ya rage ɗan abin da ba ya kamuwa. Babu wanda ya yaba wuƙar.

Can tsoho ya miƙe, ya taka a hankali ya wuce ni, ya je wajen madubin awo da ke tsaye kan ƙafafunsa. Ya zagaya shi, ya shafa, ya leƙa ta baya. Sannan ya juyo ya ɗaga murya yadda na bayan fili zai ji.

"Wanga abu mai ƙafa ukku ya yi mani kyau ƙwarai. Mun ji labarinku tun kuna hayi. An ce ku mutanen kirki ne, abin da anka yaba duk ba ku maida shi gida."

Tabɗi! In na ce naka ne, na ba da kayan gwamnati, wannan ba motar fenti ba ce, gidan yari ne. In na ce a'a, na kunyata mai gari a gaban mutanensa, babu kwalekwale, kuma gobe Inna ta gan ni a ƙofar gida. Na waiga in nemi Helma, ashe gogan ya tuna yana da uzuri a bayan rumbu.

Oga yana murmushi ya ce da ni, me tsohon yake cewa? Na ce masa yana yaba aikin gwamnati. Oga ya ji daɗi, ya gyaɗa wa tsoho kai ya ce, "Sannu, sannu." Fili ya ɗauki guna-guni, wai ga shi mai abin ma ya amince.

Sai na zube a gabansa na ce, "Baba, ka yi mani rai. Wanga madubi ba nawa ba ne, ba na Oga ba ne, shi ma aro aka ba shi. In ya kwana a nan, ni a kurkuku zan kwana. Abin da na mallaka a duniya, ga shi nan daga wuyana zuwa ƙasa."

Tsoho ya ce, "To tashi in gani."

Na tashi. Ya fara daga wuya. Ya dubi rigar makaranta, ya taɓe baki. Ya dubi gajeren wando, ya ce wannan ko kyauta ba ya so, mata suka kwashe da dariya. Idonsa ya ci gaba da sauka, ina addu'a ya tsaya a gwiwa. Ina! Sai da ya dire kan sau-cikina, baƙi, wanda nake gogewa kullum safe har ina ganin fuskata.

Ya ce, "Takalmin kam ba laihi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, naka ne."

Na durƙusa ina kwance igiya. Oga ya ce me nake yi haka? Na ce masa al'adar garin ce. Kafin in ɗago, Oga bawan Allah ya zauna a ƙasa ya tuɓe nasa manyan takalman na aiki, ya jera su gaban tsoho, ya tsaya da safa mai huda a babban yatsa, yana ta sannu, sannu. Nan fa tsoho ya kasa riƙewa. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗar na kusa da shi, yana share hawaye da hannun riga. Ya ce, "Gaya mashi ya maida abinsa, shi ba ruwansa. Kai ne ɗan gari, kai ka san abin da kake yi."

Ya zura ƙafa a takalmina, ya take bayan don sun yi masa kaɗan. Ya sa hannu a aljihu ya ce ga tukuici. Wuƙa ce mai zanen kifi, bakinta na lilo. Ya nuna mani yatsansa mai tsumma ya ce surukinsa na hayi ne ya aiko masa da ita, igiyar taru kawai ya ce zai yanka.

Kwalekwale kuwa ya ba mu har da matuƙa, kuma da kansa ya raka mu, yana tafe ƙwas ƙwas cikin takalmina, ni ina bayansa ina tsalle kan rairayi mai zafi. Da Oga ya ɗaga hannu a wuri na ƙarshe, sai ga wurin can saman tudu, sama da gidaje, sama da gonakin albasa, sama da maƙabarta. Tsoho ya tsaya ya dubi ƙasa ya ce, "Har nan?" Na ce har nan, Baba. Sannan ya karɓi turken daga hannun lebura, ya zaro wata baƙar wuƙar maƙera, ya fiƙe shi da kansa, ya riƙe aka buga. Daga ranar ban sake yin ƙyas a gaban kowa ba. Helma ya yi ta ƙunƙuni da muka koma garin rogo da ƙuli, na ce ya je ya yi tarinsa shi kaɗai.

Sauran hutun da ƙafa na yi shi, ƙaya ta sha jinina, amma motar fenti ta zo ta koma ba da ni ba. Inna da ta gan ni, ta fita ta shaida wa unguwa cewa tsabar aiki har takalmin ɗanta ya narke.

To ga abin da na koyo, kyauta na ba ku. In za ku sayi wuƙar aljihu, ku buɗe ta ku danna bayan bakin da ƙarfi a jikin itace, in ta naɗo ku ajiye wa mai ita. Ku girgiza ta kusa da kunne, in kun ji ƙusa na motsi ku wuce. Ku ɗauki wadda za ku iya saya ba tare da kun yi azumin dole ba, kuma wadda ba mai ganinta ya ce ta yi kyau. Mutanen bakin ruwan nan kuwa, kuna zuwa ne ku nuna masu inda ruwa zai rufe gidan ubansu, duk da haka za su shimfiɗa maku tabarma su ba ku abinci. Kada ganin haka ya sa ku ɗauka ba su gane ba. Sun gane sarai, kunyarku kawai suke ji, kuma ba kullum ba.

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, a tabbata ta kai hannun duk mai shirin zuwa aikin hutu.