Ɗan Dara na Kyauta

A gidanmu na Tabotaki, in an gama tuwon dare Inna, kakarmu, kan tara mu bakin murhu. Daren da nake tunawa har da yayana Sule, wanda ya girmi tatsuniya. Wani mai mota ne ya zo garin yana cewa zai kai samari Libiya ba ko sisi, kuma Sule ya amsa. Kowa ya sani, ba mai magana.

Inna ta ce, "Ga ta nan tahe, ku buɗe kunne."

Wai wani manomi ne gwanin dara. Baƙo ya zo ya ce su buga, wanda aka ci ya ba da rumbunsa. Suka tona gurabe a rairayi, manomi da kara, baƙo da kashin raƙumi. Ana gama zubi baƙo ya buɗe masa hanya, ya jera uku ya ci ɗa guda. Amma kafin manomi ya jera, dole sai ya ɗaga ɗan da ke tsare masa tsakiya.

"Mi ya kamata shi yi?" in ji Inna, idonta kan wuta.

Na ce, "Kada shi ci!"

"Kai matsoraci ne tun kana goye. Shi tsaya dai shi duba gurbin da za shi bari."

Manomi bai duba ba, ya ci. Baƙo ya shige tsakiya, ya yi ta kai da komo yana ci, har rumbu ya tafi.

Sule ya yi dariya. "Inna, in ni ne, in ci nashi, in tsare nawa."

Ta ce, "Allah shi sa, ɗan nan."

Bayan ranar kasuwa Sule ya bi motar. Sau ɗaya ya kira daga hanya, ya ce suna lafiya.

Yanzu ina buga dara a gindin itacen bedi a Bouza, kuma in aka miƙo mini ɗa in ci sai in tsaya ina duban gurbin da zan bari. Abokai na yi mini tsiya, wai ko kyauta ban iya karɓa. Na daɗe ina ɗauka da Sule kaɗai Inna take. Ashe har da mu, da muka zauna muna kallo, ba wanda ya tashi ya tambayi mai motar abin da zai karɓa a can. Har Inna ta rasu, duk motar da ta tsaya sai ta aike ni in dubo ko Sule na ciki.