Rassan da Na Kafa a Bakin Kwazazzabo

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye kuma ta sha kunya isasshiya. An haife ni a wani ƙauye kusa da Ɗantutture, cikin ƙasar Kurfi. Na gama sakandare, na dawo gida ina noma gero da gyaɗa, kuma a lokacin ko kazar wani ban taɓa ɗauka ba. Sai dai ni mutum ne marar haƙuri. Duk wanda ya wuce ni a kan babur, sai in ji zaman ƙauye ya ishe ni.

A bayan garinmu akwai kwazazzabo da yake cin gonaki kowace damina. Wata shekara sai ga wani kamfani mai zaman kansa daga Dutsin-Ma, na wata mata, Hajiya Rabi. Sana'arsu sayen ƙaro. Suka ce za su dasa dakwara da ciyawar jema a bakin kwazazzabon don su riƙe ƙasa, su kewaye da waya, idan itatuwan sun girma manoma su riƙa ɗiban ƙaro suna sayar musu. Da ta nemi mai karatu da zai kula da aikin, mai gari ya nuna ni.

"Amana ce, ɗana," in ji ta, tana miƙo mini wayar hannu. "Duk sati ka ɗauki hoton dashen ka turo."

Na fara da gaskiya. Wata ranar kasuwa wani mai lambu ya ga dashen a cikin leda, ya ce in ba shi kaɗan. Na ce ai ba a rasa masu mutuwa, wa zai gane? Na sayar masa. Sati na gaba ni na je nemansa da kaina. Daga dashe na koma kan wayar shinge, ina kwance ta ina kai wa 'yan gwangwan. Da wurin ya yi fili, sai na riƙa saro rassan dakwara a daji, in soka su a ƙasa, in yayyafa ruwa, in ɗauki hoto kafin rana ta yi zafi. Daga baya har tsofaffin itatuwan ƙirya da ke riƙe da gaɓar na bari masu gawayi suka sare, suka ba ni rabona. Na sayi babur ɗin. Ko da na hau shi ban samu natsuwa ba, kullum ina waige.

Manoma suka fara tambaya me ya sa dashen yake bushewa. A nan na yi abin da ya fi satar muni. Akwai wani makiyayi, Malam Buba, dattijo mai shiru-shiru da ke bi da shanunsa ta gefen wurin zuwa mashaya. Na ce shanunsa ne suka karya shinge suka cinye. Samari suka tare shi da sanduna. Yana ta cewa, "Wallahi ban shiga ba, ku tambayi mai kula da wurin!" Ina tsaye ina ji, na sunkuyar da kai. Suka karya masa hannu. Kwana biyu ba wanda ya kai nono garinmu, kowa yana wasa adda, sai da mai gari da arɗo suka zauna aka kashe wutar.

Da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, gaɓar ta zube. Ta tafi da rabin gonar ƙanen mahaifina, Baba Sule, har da rumbunsa.

Hajiya ta zo da kanta. Ta bi layin dashen tana dubawa, ina biye da ita ina zuba bayani. Sai ta duƙa ta kama guda ta ja. Ya fito salin-alin, ba saiwa, gindin a fiƙe da wuƙa. Ta ja na biyu, ta ja na uku. Ba ta yi faɗa ba.

"Mi muka yi maka?" abin da ta ce ke nan.

Baba Sule, da ke tsaye a wurin, ya dube ni ya ce, "Ashe kai ne, ɗan yayana?" Na rasa inda zan sa kaina.

A gaban alƙali na amsa komai, aka yanke mini shekara biyu. A gidan yari ba yunwa ba ce ta fi damuna. Tunanin hannun Malam Buba ne. Ina zagaya tsakar gidan har masu gadi suka sa mini suna mai safa da marwa.

Da na fito na tarar kamfanin bai gudu ba. Sun sake dashen, wannan karon a hannun ƙungiyar manoma da makiyaya, jema ta yi duhu a gaɓar. Ban iya tsayawa kallo ba. Na wuce rugar Malam Buba, na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma hannun nan ba ya iya tatsa har yanzu, ka tafi da sanin haka."

Na tafi da sanin hakan kuwa. Yau ina dako a Dutsin-Ma, ina neman gafarar Ubangiji, kuma ba wanda yake ba ni ajiyar ko buhu ɗaya ba tare da ya sa mini ido ba. Ban ga laifinsu ba.

Samari, ku saurare ni. Idan aka ba ku aiki irin wannan, ba kayan kamfani kaɗai aka ba ku ba, gonar maƙwabcinku ce da abincin gidanku. Kada ku ɗauki na farko kuna cewa ba wanda zai gane. In kuma kun riga kun ɗauka, ku je ku faɗa da bakinku tun kafin ku nemi wanda za ku ɗora wa. Ni an yafe mini, amma akwai dattijon da kullum safiya sai ya jira wani ya tatsar masa shanunsa.